Bangaskiyar Wa Ake Tambaya?

A ƙarshen sura ta 9 ta Ayyukan Manzanni an jera mu'ujizai biyu. A garin Lidda, Bitrus ya iske wani mai suna Iniyasu, wanda shanyewar jiki ta kwantar har shekara 8, ya ce masa ya tashi, ya kuwa tashi. Daga Yafa, can bakin teku, aka yi masa kiran gaggawa domin wata mai suna Tabita ta rasu. Ya tarar da matan da mazansu suka mutu sun cika benen suna kuka, suna nuna masa tufafin da ta ɗinka tun tana da rai. Ya fitar da kowa, ya durƙusa ya yi addu'a, ta buɗe ido. Babu mai wa'azin da bai san waɗannan labarai ba. Abin da ake wucewa da sauri shi ne yadda surar ta ƙare: bayan duk wannan, Bitrus ya yi kwanaki da yawa a Yafa, masaukinsa kuwa gidan wani Saminu ne, majemi.

Sura ta gaba ta ƙara da cewa gidan yana bakin teku. Bakano ba ya bukatar a faɗa masa dalili. Jima tana cin ruwa, warinta kuma yakan tura mai ita bayan gari. A wurin Yahudawan wancan zamani abin ya wuce wari, domin mai taɓa mushe yana ɗaukar ƙazanta ta shari'a, har dokokin malamansu da aka rubuta daga baya suka ba matar majemi damar neman saki idan ta kasa jurewa. A irin wannan gida ne manzon da ya gama ta da matacciya ya shimfiɗa tabarmarsa, ya ci abinci daga hannun da ke wuni cikin ruwan jima.

Majeman Kano iri biyu ne yau. Akwai na gargajiya a cikin birni, masu aiki da bagaruwa da toka kamar yadda suka gada, waɗanda fatar jar akuyarsu ta ƙetare Sahara tun da daɗewa har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Akwai kuma na masana'antu, a Challawa ta ƙaramar hukumar Kumbotso, da Sharaɗa, da Bompai. A can babu bagaruwa. Ɗanyar fata takan zo da gishiri, a jiƙa ta, a zuba ta cikin ruwan farar ƙasa da sinadarin salfa don gashi ya zube, a kankare tsokar da ta maƙale, a tsoma ta a gishiri da asid irin na ruwan batir, sannan a juya ta cikin manyan ganguna da sinadarin kuromiyam har ta fito shuɗiya-shuɗiya. Kowane mataki akwai hannun ɗan Adam a ciki. Farar ƙasa da asid suna cin fatar mutum kamar yadda suke cin ta akuya. Kuromiyam yana kawo ƙaiƙayi da gyambon da ba ya saurin rufewa. Ramukan da ƙazantar ke taruwa kuwa suna fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa takan kashe hancin mutum ya daina jin ta, sannan ta kayar da shi. Likitoci sun san duk wannan, leburori ma sun sani, ko da ba su san sunayen sinadaran ba.

Cikin waɗannan leburori akwai Musulmi, akwai Kirista: 'yan kudancin Kaduna, da Filato, da Binuwai, da Hausawa Kirista daga karkarar Kano. Da yawansu 'yan aikin kullum ne, ranar da ba ka zo ba babu ko sisi. Idan tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ƙafa ta kumbura, kuɗin kati da na gwaji ya fi ƙarfin aljihu, to inda ƙofa take buɗe ba tare da an tambayi kuɗi tun daga bakinta ba shi ne wurin addu'a. Babu abin zargi a nan. Wasiƙar Yaƙub da kanta ta ce mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai. Damuwata tana kan maganar da wasu kan faɗa bayan an yi addu'ar an sake yi, jiki bai yi sauƙi ba. Sai a dafa kafaɗar mutum a ce, “Ɗan'uwa, bangaskiyarka ce ta yi kaɗan.” Wani lokaci a ƙara da cewa ya binciki kansa, wataƙila akwai zunubin da bai furta ba.

Mai faɗin haka yana ganin Littafi ya faɗa. Ni kuwa ina ganin idan aka karanta labaran warkarwa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da gaggawa ba, wannan magana ba ta da gindin zama a cikinsu. Illarta kuma babba ce, domin mutumin ya shigo da ciwo ɗaya, ya koma gida da biyu: na jiki, da na zargin kansa.

A sura ta 2 ta Bisharar Markus, Yesu yana cikin wani gida a Kafarnahum, jama'a ta cika har ƙofa. Mutum 4 suka ɗauko wani shanyayye a kan shimfiɗarsa, suka rasa hanya, suka hau bisa, suka buɗe rufin, suka zuro shi. Markus ya ce Yesu ya ga bangaskiyarsu. Tasu, su masu ɗaukar. Kuma ganinta ya yi da ido, domin ta bayyana a cikin nauyin da suka ɗauka, da rufin gidan wani da suka yi ƙarfin halin fasawa, da kunyar da suka ajiye gefe. Shanyayyen bai ce uffan ba daga farkon labarin har ƙarshensa. Ba mu san abin da ke zuciyarsa ba, ko yana sa rai, ko kuwa ya gaji da yawon da ake yi da shi. Ba a tambaye shi ba.

Haka abin yake ta maimaituwa. Hafsan sojan Roma ya roƙa wa baransa da ke kwance a gida, baran bai ma ga fuskar Yesu ba. Wata mata ta yankin Taya ta nace saboda 'yarta. Yayirus ya zo saboda tasa 'yar mai shekara 12, wadda ta cika kafin a iso. A ƙofar garin Nayin, inda aka fito da gawar ɗa tilo na wata mata da mijinta ya riga ya mutu, babu wanda ya roƙi kome. Luka ya ce tausayinta ne ya kama Yesu.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne mutumin tafkin Betasda a sura ta 5 ta Bisharar Yahaya. Shekara 38 yana fama. Da aka tambaye shi ko yana so ya warke, bai yi wata shaidar bangaskiya ba. Kuka ya kai, cewa ba shi da wanda zai sa shi cikin ruwan idan ya motsa, kafin ya ja jiki wani ya riga shi. Bayan ya warke ma, da shugabanni suka tsare shi da tambaya, bai san sunan wanda ya warkar da shi ba. Duk wanda ya taɓa zama a layin asibitin gwamnati ya ga irin wannan mutum: babu mai jinya, babu mai karɓo masa kati, babu mai zuwa sayo allura, ana kiran suna yana ji ba ya iya tashi. Ciwonsa na fili shanyewa ce, amma abin da ya ambata da bakinsa rashin mutum ne. Shi Yesu ya nufa cikin taron, kuma bai gindaya masa sharaɗi ba.

Batun zunubi kuwa an yanke shi a sura ta 9 ta wannan Bishara. Almajirai suka ga wanda aka haifa makaho, suka tambaya ko laifinsa ne ko na iyayensa. Yesu ya kore duka biyun. Bangaskiyar mutumin ma sai a ƙarshen surar ta zo, bayan idonsa ya buɗe, bayan an kore shi daga majami'a.

Wani zai ce, to ina matar da ta yi shekara 12 tana zubar da jini, wadda ta ƙarar da duk abin da ta mallaka a hannun masu magani? Ina Bartimawas makahon Yariko, da Basamariyen nan da ya dawo godiya shi kaɗai cikin masu kuturta 10? Ai dukansu an ce musu bangaskiyarsu ce ta warkar da su. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce. A Nazarat ma an ce rashin gaskatawar mutanen garin ya sa bai yi manyan ayyuka da yawa ba, ko da yake Markus ya ƙara da cewa duk da haka ya ɗora wa marasa lafiya kaɗan hannu sun warke. Amma a duba lokacin da ake faɗin maganar, da wanda ake faɗa wa. Matar nan ta zo ta baya a ɓoye, tana rawar jiki, domin shari'a ta ɗauke ta mai ƙazanta shekara 12. Yesu ya tsayar da taro, ya kira ta 'yarsa, ya jingina warkewar ga bangaskiyarta a gaban kowa. Kambi ya ɗora mata. Mu kuma mun ɗauki wannan magana ta girmamawa mun juya ta, mun mai da ita tuhuma a kan wanda bai warke ba. A cikin Bisharu huɗun nan babu inda mara lafiya ya zo wurin Yesu aka sallame shi da ciwonsa, aka ce ya je ya ƙaro bangaskiya.

A cikin Bisharun, sau ɗaya aka ba da labarin addu'ar warkarwa da ta ci tura, wato ta yaron nan mai farfaɗiya da almajirai suka kasa. Uban yaron ya fito fili ya ce gaskatawarsa a gauraye take da shakka, ya roƙi a taimaki raunin nasa, aka kuwa warkar da ɗansa a haka. Da almajiran suka keɓe suka tambayi dalilin kasawarsu, Matiyu ya ce ƙarancin bangaskiyarsu aka nuna musu. Su masu addu'ar. Ke nan idan har dole sai an tuhumi wani a kan ƙarancin bangaskiya, to bisa ga wannan labari mai ɗora hannu ne zai fara amsa tambaya, kafin a juya kan wanda ke durƙushe.

Littafin kuma bai ɓoye waɗanda ba su warke ba. Bulus ya roƙi Ubangiji sau 3 a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba. Ya rubuta wa Timoti cewa ya baro Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Shi Timotin ma mai yawan ciwon ciki ne, shawarar abin sha Bulus ya ba shi. Cikin abokan tafiyar Bulus akwai Luka, likita. Annabi Elisha, wanda ya ta da ɗan matar Shunem, ciwo ne ya kwantar da shi har ya rasu.

Labarin Elisha da Na'aman, a sura ta 5 ta Littafin Sarakuna na Biyu, ya kamata a riƙa karanta shi a Challawa fiye da ko'ina. Na'aman sarkin yaƙin Suriya ne, yana da kuturta. Wadda ta fara gaskatawa zai warke wata 'yar baiwa ce da aka kamo daga Isra'ila, mai yi wa matarsa hidima. Ya taho da azurfa da zinariya da riguna 10 na ado. Elisha ko fitowa bai yi ba, ya aika a ce masa ya je ya yi wanka sau 7 a Urdun. Na'aman ya fusata, ya ce kogunan Dimashƙu, Abana da Farfar, sun fi wannan. Barorinsa ne suka lallashe shi. Mutum ne da ya shiga ruwan yana gunaguni, bangaskiyar baiwa da ta barori tana tura shi, ya kuma fito da fata irin ta ƙaramin yaro. Da ya dawo da kyauta, Elisha ya rantse ba zai karɓi kome ba. Gehazi, baran annabin, ya bi shi a guje, ya shirya ƙarya ya karɓo azurfa da riguna, kuturtar kuwa ta koma kansa. Duk mai sayar wa lebura kwalbar mai ko gorar ruwa da sunan an yi musu addu'a, ko mai ce masa girman baikonsa ne ma'aunin bangaskiyarsa, ya san sunan wanda yake bin sawunsa a wannan sura.

Akwai kuma maganar kogin kansa. Ruwan da masana'antun Sharaɗa ke zubarwa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na yankin Challawa ma can ya nufa, na Bompai kuma yana bin Getsi zuwa Jakara. Binciken masana da dama, har da na Jami'ar Bayero, ya nuna kuromiyam da wasu ƙarafa masu guba sun wuce kima a waɗannan ruwaye. Da su ake ban ruwan latas da alayyafo da tumatir a lambunan da ke gefe, shanu suna sha, yara suna wanka. A gefen wannan kogi ne kuma, tun zamanin Turawa, aka kafa injinan da ke ba birnin Kano ruwan famfo. Ciwon da ya fito daga nan yana da mafari, mafarin kuma yana da masu shi. Wanda ya ce wa majiyyaci matsalar tana cikin zuciyarsa, ko bai nufa ba, ya wanke mai bututun da ke kwarara a bayan katanga.

Tarihin Kiristanci a ƙasar Hausa ma ya san bangaskiya mai ɗaukar mutum a kafaɗa. Dokta Walter Miller, wanda ya zo Kano a 1900 tare da Bishop Tugwell, Sarki Alu ya hana su zama, likita ne. Shi ne jigon fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito da Hausa a 1932, asibitin Wusasa ta Zariya kuma sunan Luka yake ɗauke da shi. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi kula da masu kuturta a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, daga baya aka buɗe Danja kusa da Maraɗi. Ba za a ce aikin babu wata manufa a bayansa ba. 'Yan mishan suna son mutane su karɓi addininsu, sarakuna sun san haka, an kuma yi ta ja-in-ja musamman a kan yaran da suka tashi a waɗannan wurare. Amma abin da aka yi da hannu an yi shi. An wanke gyambo, an ɗaure, an yi ta allurar wani mai mai zafi da ba ya wani tasiri sosai, har maganin dafson ya zo a ƙarshen shekarun 1940, sannan a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna da ke kashe ƙwayar cutar, wanda ake bayarwa kyauta tun 1995. Markus ya ce lokacin da mai kuturta ya durƙusa a gaban Yesu, sai da ya miƙa hannu ya taɓa shi, alhali magana kaɗai ta isa. Ma'aikatan jinyar Yadakunya, Turawa da 'yan ƙasa, ba a ba su ikon cewa cuta ta tafi ta tafi ba. Taɓawar ce rabonsu, suka kuwa yi ta shekara da shekaru. Haka asibitin ido na ECWA a Kano, da aka kafa a 1943: tsoffin da yanar ido ta rufe, akasarinsu Musulmi, suna shiga ana riƙe da sandarsu, su fito suna tafiya da kansu.

Maƙwabtanmu Musulmi ba baƙin wannan batu ba ne. Alƙur'ani, a surorin Ali Imrana da Ma'ida, ya ambaci Annabi Isa yana warkar da wanda aka haifa makaho da mai kuturta, da izinin Allah. Da wuya a sami wani abu game da shi da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai kamar wannan. Shi ya sa abin da ya faru a watan Oktoba na 1991 yake da ciwo ninki biyu. An shirya wa mai wa'azi Bajamushe Reinhard Bonnke, wanda tarukansa suka yi suna da alkawarin warkarwa, babban taro a Kano. Zanga-zanga ta tashi, ta rikiɗe ta zama kisa da ƙone-ƙone, musamman a Sabon Gari da kewaye, taron bai yiwu ba. Babu talla ko wa'azin da ya halatta jinin da aka zubar, alhakinsa yana wuyan waɗanda suka zubar da shi. Amma mu da muke karanta Bisharar Markus muna da tambayar da za mu yi wa kanmu. Sau da dama a cikinta Yesu yakan ja majiyyaci gefe, nesa da taro, kamar kurman nan da makahon Betsaida, bayan warkarwa kuma ya ja kunne kada a baza labari. Ya ƙi ba da alama ga masu neman ta don gwaji. Daga ina muka koyi liƙa mu'ujiza a bango tun kafin ta faru, har da rana da lokaci?

Ga leburan Challawa da ƙafarsa ta ƙi warkewa, mutum 4 na Kafarnahum suna da ayyuka sanannu. Ɗaya ya raka shi asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ya tsaya a layi a madadinsa. Ɗaya ya gaya wa likita ainihin abin da hannun nan ke taɓawa kullum, domin majiyyaci yakan manta ko ya ji tsoron a kore shi daga aiki. Wani ya san cewa tun 2010 akwai dokar biyan diyyar ma'aikata a Nijeriya, wadda ta wajabta wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, ta kuma haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa, don haka tambayar ko an yi wa mutum rajista ba rashin kunya ba ce. Dattawan ikilisiya da suka zo da man shafewa suna da bakin da heluma da manaja za su saurara, idan suka yi maganar safar hannu da takalmin roba da takunkumi, da hana tura mutum cikin ramin ƙazanta babu kariya. Su yi addu'ar, su roƙi mu'ujiza da dukan zuciya, domin Littafin bai ce an rufe wannan ƙofa ba. Idan ba ta zo a ranar ba, sai su sake ɗaukarsa gobe.

Luka likita shi kaɗai ya rubuta misalin Basamariyen da ya tsinci mutum kwance jina-jina a hanyar Yariko. Babu mu'ujiza ko ɗaya a cikinsa. Akwai mai da ruwan inabi da aka zuba a rauni, da ɗauri, da dabbar hawa, da kwana guda na jinya a masauki, da dinari 2 da aka ba mai masaukin tare da alkawarin cika abin da ya ƙaru. Dinari guda, bisa ga wani misalin a Matiyu, shi ne ladan lebura na yini. Kuɗin ƙwadagon kwana 2 ke nan, a kan mutumin da bai sani ba, wanda ba addininsu ɗaya ba. Leburorin masana'antun Kano sun saba da irin wannan. Idan ɗaya ya kwanta, ranar biya akan zaga da karo-karo, Musa ya sa, Bulus ya sa, a haɗa a kai wa matarsa ta sayo magani.